Robar hancin Umma da maganar haɗiya

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama Umma a nan Makka, haɗiya ce ta fara tafiya tun kafin ƙafa, ruwa kurɓi ɗaya sai ta sarƙe idonta ya kaɗa ya yi ja, shine a mustashfa wato asibiti suka zura mata roba ta hanci har ciki, da babban sirinji muke ba ta madarar da suka rubuta, mu bi ta da ruwa kafin da bayan don kar robar ta toshe.

To mutane sai su ɗauka khalas, tunda akwai roba ai ba abin da zai shiga huhu. Wallahi ba haka bane. Abinci kawai robar take kaiwa ciki, yawun bakinta yana nan yana gangarawa maƙogwaro dare da rana, madarar ma tana iya dawowa sama in tana kwance, shi yasa nas ta ce kan gado ya tashi digiri 30 zuwa 45 lokacin bayarwa kuma a bar ta haka kusan awa ɗaya.

Baki kuma dan Allah ku kula da baki. Bakin da ba a ci da shi ya fi saurin lalacewa, harshe ya yi fari leɓe ya tsage, ƙwayoyin cutar da suka taru nan su ne yawu ke kaiwa huhu su zama nimoniya wato ciwon huhu. Safe da dare ina goge mata da buroshi mai laushi tana zaune, kanta a sunkuye.

Inda na fi shan fama shine 'yan dubiya, kowa ya shigo da zamzam da dabino. Gwaggona har kuka ta yi wai muna hana baiwar Allah ruwa, na ce Gwaggo ki yi haƙuri ni na ga hoton da idona. An ba Umma ruwa mai barium, wani sinadari da ke fitowa a hoton X-ray, ana ɗauka, a allo muna kallo ya bi hanyar iska kuma ko tari ba ta yi ba, wannan shirun ne abin tsoro. Ruwa tsararo ya fi komai gudu, maƙogwaron bai rufe ba ya riga ya wuce. Zamzam ɗin ta roba muke ba ta.

Maƙogwaro in ya daɗe ba ya aiki rauni yake ƙarawa, ga robar kanta tana goga shi, don haka kullum muna atisayen da likitar haɗiya ta koya mana. Yanzu Umma tana karɓar 'yan cokula na abin da aka kaurara kamar koko, ni kuma ina sauraren muryarta, in ta jiƙe tana gurgur sai mu tsaya. Sun ce robar hanci ta sati 4 zuwa 6 ce, in haɗiyar ba ta dawo sosai ba, to za a yi maganar robar da ake sawa ta fatar ciki wato PEG, Yaya yana ta tsoron aikin, mun bar shi sai an sake hoton.