Ɗan kallabin da na warware sau uku

Kwarashi mai kaurin milimita 4 da dunƙulen zaren auduga guda, mai nauyin giram 50, sun kusa wata biyu a aljihun tebur ban ko waiwaye su ba. Bargo na yi niyyar saƙawa lokacin da na saye su, irin burin wanda bai san dawan garin ba. Da na ga lokacin da ƙaramin murabba'i ɗaya ke ci, na kuma tuna bargo sai an harhaɗa irinsa tuli, sai jikina ya yi sanyi. Daga nan na koma kan bandana, ɗan kallabin nan mai kusurwa uku da ake ɗorawa a ka, igiyoyinsa biyu su haɗu a ƙeya. Ba hannun riga, ba wuya, ba maɓalli, kuma in an gama sakawa ake yi a fita da shi, ba a jefa shi a kwaba ba.

Jikinsa saƙa iri biyu kacal yake buƙata. Ta farko sarƙa: a naɗa zare a bakin kwarashi, a jawo ta cikin madauki, a yi ta maimaitawa. Ta biyu doguwar saƙa: a naɗa zare, a zura kwarashi a rami, a jawo zare, sai madaukai su zama uku a jikinsa. A naɗa a fitar ta cikin biyu, a sake naɗawa a fitar ta biyun da suka rage. A faɗe dai ba wuya. A hannu kuwa, daren farko yatsuna suka ƙi ba ni haɗin kai. Zaren ya riƙa zamewa daga ɗan alina na hagu, ni kuma don haushi sai na ƙara damƙe shi, har madaukan suka matse kwarashin ya ƙi shiga sai da tsiya. Da na ajiye, babban yatsana zugi yake yi kamar na wuni ina rubutu.

Kuskuren da ya fara cin min lokaci ma ba na hannu ba ne, na suna ne. Rubutaccen tsarin da nake bi da kalmomin Ingila aka rubuta shi, bidiyon da nake kallo kuma na wata Ba'amurkiya ne, ban san ɓangarorin biyu sun saɓa ba. Doguwar saƙar da Amurkawa ke kira dabul, Ingilawa tirebul suke ce mata. Dabul ɗin Ingila kuwa gajeriyar saƙa ce, wadda a Amurka ake kira singil. Tsarin ya ce in yi wa bakin zoben farko dabul, na zuba dogaye inda ake son gajeru, abu ya fito wani iri, ba ya kama da hoton ko kaɗan. Wannan ce warwarewa ta ɗaya. Tun daga ranar, kafin in ɗauki kwarashi sai na duba: in na ga kalmar singil a tsari, na san na Amurka ne, don Ingilawa ba su da ita.

Na watsar da wancan tsarin na kama mai sauƙi, wanda ake jera dogayen saƙa uku-uku a rami ɗaya, kowane uku rukuni guda. Daga tsakiyar dogon gefen ake farawa, wato wurin da zai zauna saman goshi, ba daga tsinin ba kamar yadda na zata. A yi sarƙa 4 a haɗe ta zama zobe. A cikin zoben a sake sarƙa 4, sai dogaye 3, sarƙa 2, dogaye 3, sarƙa 1, doguwa 1. Sarƙa biyun nan na tsakiya su ne tsinin kallabin, kuma duk layin da ya biyo baya, in ya iso wurin, sai ya zuba rukuni biyu a ciki da sarƙa 2 tsakaninsu. Gefe da gefe ma kowane layi yana ƙara rukuni. Lissafin da ya cece ni daga baya shi ne: layi na 1 rukuni 2, na 2 rukuni 4, na 3 rukuni 6. Ko wane layi ake kai, a ninka lambarsa biyu, abin da ya kamata a ƙirga ke nan.

Da na san wannan tun farko da ban sha wahalar warwarewa ta biyu ba. Ina layi na 7 ina jin daɗi, ina ganin na iya, sai ƙanwata ta ɗaga abin da yatsa biyu ta juya shi.

"Yaya, wannan kallabi ne ko kwano?"

Na ƙwace na shimfiɗa a tebur. Gaskiyarta. Gefuna sun tashi sama, tsakiya ya lotsa, ko na danne da tafin hannu sai ya koma. Da na ƙirga, rukuni 12 na samu a maimakon 14. Ramin ƙarshe na kowane layi ƙarami ne, yana maƙale a jikin sarƙar da ake yi a farkon layi in an juya, ni kuma sau biyu ina tsallake shi ina juyawa ban sani ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana. Ga kuma matsewar hannuna da ta ƙara tattare shi. Warware saƙar kwarashi ba ta da wuya, a zare kwarashin a ja zare kawai, aikin awa biyu ya koma tarin zare mai lanƙwashe-lanƙwashe cikin minti ɗaya. Wannan saurin ne ma yake ƙona rai.

Abu biyu na canza. Na sa ƙaramin fil a ramin tsinin da kuma ramin ƙarshe na kowane gefe, ina matsar da su duk layi. Sannan na koma kwarashi mai milimita 4.5. Na daɗe ina yi wa kaina faɗa in sassauta riƙo, hannun bai ji ba. Da kwarashin ya ƙara kauri sai madaukan suka buɗe da kansu. A ganina wannan ya fi wa mai koyo sauƙi a kan ya tsaya kokawa da yatsunsa.

Zaren ma akwai magana a kansa. Auduga ba ta da talewa irin ta zaren roba, shi ya sa take gajiyar da hannu, kuma ba ta rufa wa kowa asiri: inda aka matse da inda aka saki duk a fili suke. Amma abin da zai wuni a kan mutum gara auduga, tana shan gumi, iska na ratsa ta. Sa'ar da na yi ita ce launin zaren mai haske ne, ruwan ƙwai. Daga baya na gwada baƙin zare da dare, ko ramin ban iya gani ba.

A layi na 12, rukuni 24 cif, na auna dogon gefen ya kai santimita 44. Na ɗora a kai gaban madubi, ya sauko daidai bayan kunnuwa, na tsaya a nan. Sai igiyoyi, inda na yi warwarewa ta uku. Sarƙa zalla na yi, guda 60 kowane gefe, ina ɗokin in gama. Da na ɗaura sai ta miƙe ta zama siririya kamar tsirkiya, tana cin fatar ƙeyata, kullin kuma ya ƙi kwantuwa sai da na sa farce. Na kwance, na sake sarƙar, na dawo ta kanta da gajeriyar saƙa, na bi dogon gefen da ita har zuwa ɗaya igiyar. Nan take igiyoyin suka yi faɗi, gaban kallabin ma ya daina talewa.

Jelar zare guda huɗu suka rage suna reto. Na so in datse su da almakashi in huta, amma na riga na ga yadda saƙa ke kwancewa, don haka na sa allura mai dakusasshen baki na cusa kowace cikin saƙar, gaba sannan baya, kafin in yanke. Na jiƙa shi da ruwan sanyi, na matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, na shimfiɗa na kafe kusurwoyin uku da fil. Da safe ya bushe ya kwanta sumul, layukan da suka ɗan karkace sun daidaita.

In aka ɗaga shi a haske, a layi na 9 ɓangaren dama akwai rukuni ɗaya mai dogaye 2 maimakon 3. Na gan shi tun ina layi na 11, na dube shi, na dubi tarin zaren da zan sake ja, na ci gaba abina. Ƙanwata ce ta fara fita da shi kafin ni, ta dawo tana tambaya ko ragowar zaren zai isa a yi mata nata. Na ɗora a ma'auni, giram 14 ya rage.