Wahalar dare huɗu a Kilimanjaro, awa biyu a mota suka cinye ta

Har yau idan na tuna robar nan da na bari a kujerar baya, raina ɓaci yake yi.

Aikin karatu ne ya kai mu dajin da ya zagaye tsaunin Kilimanjaro a Tanzaniya, muna neman wani ƙwaro dangin fara da gyare, Aerotegmina kilimandjarica, wanda sai a 2001 masana suka raɗa masa suna. Kore ne, fukafukan namijin sun kumbura kamar an hura su. Ba ya tashi da su, na kuka ne: yana goga ɗaya a kan ɗaya, kumburin na ƙara wa sautin ƙarfi. Za ka ji shi da dare tun daga nesa, amma yana can saman bishiya cikin hazo, tocila ba ta kai masa.

Dare uku muna girgiza rassa a kan farin zani, raɓa ta jiƙa mu sharkaf, ba komai. A na huɗu namiji ɗaya ya faɗo. Na ɗora shi a tafin hannu, ƙahonninsa sirara kamar zare suna lalube. Malaminmu ya ce, "Ɗauki hotonsa da kukansa tun muna nan." Na ce, "Malam, a bari sai mun sauka, can akwai haske."

Da safe muka gangaro garin Moshi da ke gindin tsaunin, muka tsaya cin abinci. Na bar shi cikin roba a kujerar bayan mota, gilashi a rufe, rana tana duka. Ƙwaron da ya saba da sanyi da laimar daji! Ko da na dawo ya riga ya mutu. Ba hoto mai rai, ba sauti, don kukan da na naɗa daga ƙasa duk ƙarar iska ce da ɗigar ruwa.

Malam bai yi faɗa ba, kuma shirunsa ya fi ci mini rai.

Yanzu duk abin da na kama, a wurin nake gama aikinsa ko da hannuna na rawar sanyi. In dole a tafi da shi, kejin raga ne da ɗanyen ganye, a kan cinyata, ba roba ba. In kuma irin wannan ƙwaron ne, shi kaɗai a kejin, domin ƙananan ƙwari yake ci.

Mun koma dare biyu bayan haka. Mun ji su suna ta kuka a sama, ko ɗaya bai sake faɗowa ba.