Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Roron Ciyawa a Gwynedd

Makon jiya mun tsaya a inda na kira Inna daga garin Bangor da ke Wales na gaya mata aikin da aka ba mu a makaranta. Ta yi jim, sannan ta ce, "Yanzu ɗan nan, teku ka tsallake don roron ciyawa? Ai da ka faɗa mini, ga ta nan burjik a bayan gida."

Aikin dai shi ne tattaro tsirran daji na gundumar Gwynedd, a arewa maso yammacin Wales, tun daga bakin teku har kan duwatsu. Ka busar, ka liƙa a takarda, ka rubuta suna da wuri da rana. Ƙasar ba ta da faɗi, amma da safe kana taka yashi a Harlech, kafin la'asar kana gindin Yr Wyddfa, dutsen da mutanen Ingila ke kira Snowdon, mai tsayin mita 1,085.

Da bakin teku muka fara, bayan malamarmu ta karɓo mana takardar izini. Akwai wata ciyawa, marram, mai ganye a naɗe kamar tsinke, saiwarta ce ke riƙe tudun yashi kada iska ta kwashe. Na ɗebo ita da wasu na jera cikin tsofaffin jaridu, na matse tsakanin allo biyu, na ɗaure tamau.

Nan girman kai ya kayar da ni. An ce kullum mu riƙa canza jaridun, na ce a raina, ni da na tashi ina ganin ana shanya kuka da zogale, wa zai koya mini busar da ganye? Na manta a gida rana ce ke yin aikin. A Wales kuwa ko tawul sai ya kwana biyu bai bushe ba. Bayan mako guda na kwance allunan, fumfuna ta cinye fiye da rabi.

A watan Yuni muka hau Cwm Idwal, kwarin da masanin kimiyya Charles Darwin ya ziyarta a 1831, wanda aka mai da shi wurin kariya a 1954. Malama ta miƙo mini madubin hangen nesa, ta nuna wata tsaga can sama a jikin dutse. Wani ɗan farin fure ne, ganyensa siri-siri. Shi ne furen Snowdon da masanin tsirrai Edward Lhuyd ya gano a ƙarshen ƙarni na 17, kuma a duk Birtaniya ba ya fitowa sai a duwatsun nan.

Na tambaya ta ina za mu bi mu tsinko. Ta harare ni. Dokar kare namun daji da tsirrai ta 1981 ta hana taɓa shi, don masu tara tsirrai na ƙarni na 19 sun yi wa duwatsun ƙarƙaf. Har wani ɗan jagora, William Williams, ya faɗo daga dutse ya mutu a 1861 wajen nemo wa baƙi tsiro. A littafina na ranar, suna da wuri kawai na rubuta, babu ganye.

Muna saukowa hazo ya rufe hanya, na duba baya ban ga kowa ba. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.