Taya ta daina gudu da mu a kwanar ƙarshe

Alhamdulillahi 'yan uwa, matsalar zarcewar gaban mota a kwana da ta hana mu sakat a filin atisaye na wajen garin Katsina ta zo ƙarshe. Motarmu Golf 3 ta rage fiye da daƙiƙa ɗaya a zagaye, kuma ba a taɓa inji ba. Iskar taya ce kawai, da yadda ake shiga kwana.

Kun san abin: zagayen farko mota ta bi sitiyari lafiya lau, a na uku kuwa sai gaba ya riƙa zarcewa waje, taya tana kuka, agogo yana ta cin lokaci. Yawancin kwanonin filin na dama ne, don haka tayar gaba ta hagu ce ke ɗaukar nauyin duka, ga tuƙi, ga ja, ga birki. Mai faci ya saba cika ta zuwa psi 36 ko sama (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). To kwaltar bazara a nan, ranar da zafi ya haura digiri 40, ba ta da tausayi. Zagaye kaɗan iska ta ƙaru da psi 5 ko 6, taya ta kumbura a tsakiya, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu. Tayoyin gaba biyu suka cinye a haka, kuma kuɗinsu ya yi ciwo ƙwarai.

Abin da ya yi aiki shi ne a daina damuwa da awon iska lokacin da taya take da sanyi, a nemi awonta lokacin da take da zafi. Fara da psi 30 a tayoyin gaba. Yi zagaye uku da ƙarfi, shigo, sa gejin auna iska nan take kafin ka cire hular kwano, domin minti biyu ma ya isa lambar ta sauka ta yaudare ka. Sace iska har gaba ta tsaya 34 da zafinta. Ta hagu za ta fi ta dama hawa, kowacce a yi mata nata. Baya a bar ta sama da gaba da psi 2, ɗuwawun motar ya fi saurin juyawa. Sai a ja layin alli daga kafaɗar taya zuwa gefenta. In alli ya goge har cikin gefen, iska ta yi kaɗan, taya na kwanciya, a ƙara 1 a sake fita. Geji ɗaya tal za a riƙa amfani da shi, na masu faci kowanne da bakinsa.

Duk da haka kwanar ƙarshe, wadda ke buɗewa ga doguwar miƙe, ba ta gyaru ba sai da aka jinkirta juya sitiyari. Gama mafi yawan birki mota tana tafiya sak, saki a hankali yayin juyawa don nauyi ya zauna a gaba, taɓa cikin kwanar bayan tsakiyarta. Totur sai sitiyari ya fara warwarewa. In gaba ya fara zarcewa, ƙara murɗa sitiyari dafa tayar kawai yake yi; ɗaga ƙafa kaɗan, za ta kama. Shiga a hankalin nan yana ba da haushi, amma saurin fitar yana bin ka har ƙarshen miƙen.

Da hunturu lissafin zai canja: kwalta da sanyi, ga ƙura a kan layin da motoci ke bi, gara a bar wasu su fara share shi. Aikin da ya rage shi ne canja man birki, samfurin DOT 4 sabo mai jure digiri 230, don feda ta fara laushi a zagaye na biyar. Kafin a hau titin gida kuma, a mayar da iska yadda kamfanin motar ya rubuta.