Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zazzaɓin da Ke Ɓuya a Fitsari

Assalamu alaikum masu bibiya. A makon jiya mun tsaya a ɗakin jinyar yara. Yau cutar hanyar fitsari ce za ta cinye shafin, don tana yi wa ƙodar yaro illa a ɓoye.

Yawanci ƙwayar E. coli ce, wadda ke cikin bayan gida, take hawa ta mafitar fitsari zuwa mafitsara. 'Ya mace ta fi kamuwa saboda hanyarta gajeriya ce kuma tana kusa da dubura, shi ya sa ake wanke ta daga gaba zuwa baya. Riƙe fitsari da taurin bayan gida ma suna jawo ta, tunda mafitsara ba ta zubar da komai.

Yaron da ya yi wayo zai ce fitsari na yi masa zafi, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Jariri kuwa ba baki. Sai dai zazzaɓi babu tari babu mura, amai, ƙin nono, rashin ƙiba. Wanda bai kai wata 3 ba, in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye, ko cikin dare ne.

Ga inda aka fi yin kuskure: a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi fitsari. Gwajin sai ya fito babu komai, alhali cutar tana nan. A fara wanke gaban yaron da ruwa, a tari tsakiyar fitsarin a kwalbar da asibiti ya bayar, kada bakinta ya taɓa fata, a kai ɗakin gwaji cikin awa 2. Wanda aka matso daga kunzugu ba abin dogaro ba ne. Sakamakon gwajin, wato rainon ƙwayar cutar daga fitsarin don a gane ta, yana ɗaukar awa 24 zuwa 48.

In cutar ta tsaya a mafitsara, magani na kwana 3 zuwa 5 kan isa. In ta kai ƙoda, da ciwon kwiɓi da rawar sanyi, kwana 7 zuwa 10 ne. Iyaye, don Allah kada ku tsayar da maganin saboda zazzaɓin ya sauka. Idan awa 48 ta wuce babu sauƙi, ku koma wurin likita.

Wanda take yawan dawo masa, a yi masa hoton ƙoda, wataƙila fitsari ne ke komawa sama zuwa ƙoda. Tabon da hakan ke bari kan jawo hawan jini a gaba.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.