Taku ɗaya a sahu na shida

Har yau in na tuna gidan b6 na allon ches sai raina ya sosu (harafin, a zuwa h, shi ne layi, lambar kuma, 1 zuwa 8, ita ce sahu). Wasan ches ne na minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku, ina riƙe da baƙi. Mun yi ta musayar 'ya'ya har allo ya zama fayau: abokin karawata da sarki da ruk (ɗan da ke tafiya a miƙe, gaba ko baya ko gefe) da soja ɗaya, ni da sarki da ruk. Sarkinsa na f5, sojansa na e5, ruk ɗinsa na h7. Nawa sarkin na e8, daidai gidan da sojan ke son shiga ya zama sarauniya, ruk ɗina kuma na a6. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarshen wasa ya san wannan tsayuwa. Ta Philidor ce, Bafaranshen nan da ya warware ta tun 1777, kuma canjaras ce. Na san haka, abokin karawata ma ya sani. Shi ya sa ya yi ta yawo da ruk a sahu na bakwai, h7, g7, c7, yana sauya gida don kada tsayuwa ɗaya ta maimaita sau uku, yana jira.

Aikin mai karewa a nan kashi biyu ne. Kashi na farko, ka ajiye ruk a sahu na shida ya zama shinge. Muddin yana nan, farin sarki ba zai taka d6 ko e6 ko f6 ba, kuma in bai hau sahun nan ba babu barazanar kisa (wato a ritsa sarki ba mafita, wasa ya ƙare), babu hanyar korar sarkinka daga gaban soja. Ba ka da wani aiki sai kai-komo: a6, b6, a6, b6. Wannan na yi shi daidai, taku wajen bakwai. Hankalina duk ya tafi ga lissafin dokar taku 50, wadda ke ba da canjaras in an yi taku 50 kowane ɓangare ba a ci ɗa ba kuma soja bai motsa ba.

Sai ya tura soja e6.

Hannuna ya riga kaina. Na ɗauki ruk daga a6 na ajiye a b6 kamar yadda na saba, na danna agogo, daƙiƙa biyu ba ta cika ba. Ina da fiye da minti uku a agogo. Ya ɗora sarkinsa a f6, a nan na ga abin da na yi. Sojan da ke e6 ya tsaya tsakanin ruk ɗina da sarkinsa, shingen ya tashi a banza, ga kuma Rh8, wato ruk ɗinsa ya hau h8, na zuwa, kisa ne kai tsaye: d7 da f7 soja na tsare da su, e7 sarki na tsare da shi, sahu na takwas kuma na ruk ne. In na koma da ruk b8 ma kisan ne, don sarkina da kansa ya tare masa hanya. Dole na fita (K sarki ne, R ruk, + kuma cak, wato hari kai tsaye kan sarki): 2...Kd8 3.Rh8+ Kc7 4.Kf7. Sarkina ya bar gaban soja, ruk ɗinsa na riƙe da e8, soja zai taka e7 ya shige. Na gangara da ruk na yi cak kaɗan daga baya, sarkinsa ya gangaro yana kusantar ruk ɗin har cak ɗin ya ƙare, na miƙa masa hannu.

Abin da ya kamata shi ne 1...Ra1. Shi ne kashi na biyu: da zarar soja ya taka sahu na shida, ruk ya bar sahun ya gangara can ƙasa, nesa iya nesa. Sai 2.Kf6 Rf1+ 3.Ke5 Re1+ 4.Kd6 Rd1+, haka dai. Sarkin ba shi da maɓoya. In ya gangaro don ya kori ruk, ya bar sojansa a baya, sai in bi sojan in cinye, ko ta bayansa ko ta gefe da taimakon sarkina.

Na haddace wannan tun da daɗewa, to me ya hana ni yi? Na haddace takun ne ban riƙe dalilinsa ba, kuma dalilin shi ne dukan darasin. Sojan garkuwar sarkinsa ne, amma ta fuska ɗaya kawai yake karewa a lokaci guda. Yana e5, yana kare sarki daga cak na baya: in sarki ya samu ya hau e6, ruk ɗin da ke e1 ba ya ganinsa. Shi ya sa a wannan lokacin ake tsare sahu na shida. Da ya taka e6, garkuwar ta juya. Yanzu daga gefe yake karewa, ta baya kuma a buɗe take, don gidan da ke gabansa, e7, sarkina na riƙe da shi. Takun soja ɗaya ya sauya inda ruk ke da amfani. Kuma soja ba ya komawa baya, don haka e6 ɗin nan ita ce harsashinsa na ƙarshe. Da na amsa daidai, ba shi da sauran dabara.

Akwai kuskuren da ke kishiyar nawa, na ga mutane da yawa suna yin sa: gaggawar gangarawa a fara cak tun soja na e5. Sarki sai ya shige e6 ya fake, barazanar kisa ta taso, a kore ka daga gaban soja. Ba lallai a ce wasan ya tafi ba, amma ka sayo wa kanka wahala, kuma sai ka san wata ƙa'idar daban: sarki ya gudu gajeren ɓangare, ruk ya tafi dogon. Ga sojan layin e, gajeren ɓangare shi ne f, g, h, dogon kuma a zuwa d. Sarki ya tsaya wajen g7, ruk ya koma layin a yana cak daga gefe. Ana son layi uku a buɗe tsakanin ruk da soja, in ba haka ba sarkin abokin gaba zai matso ya taɓa ruk ɗin kafin cak ya yi amfani. In ka kai sarkinka dogon ɓangaren, kai da kanka ka tare wa ruk ɗinka hanya. A wasana ma can na fita, ta d8 da c7, sai dai lokacin ba ni da zaɓi, bakin alƙalami ya riga ya bushe tun a b6.

Wasu kuma suna manna ruk a sahu na takwas kusa da sarki su yi zamansu. Wannan na tsayawa in sojan na layin a, b, g ko h ne, don ruk ɗin mai kai hari ba shi da filin zagayawa ta ɗaya gefen. In sojan na c, d, e ko f ne, za a zagaye ka a kashe. Kada ka ɗauki dabarar da ta yi maka aiki a kan sojan g ka kai ta kan sojan e.

Bayan wasan na zauna na bi kowane reshe, sai na tarar da wani ramin da zan iya faɗawa ko da ban yi kuskuren b6 ba. Me zai faru in ya nemi musayar ruk tun soja na e5? Misali 1.Rg7 Rb6 2.Rg6. A nan dole ka san ƙarshen sarki da soja a ka, don babu lokacin lissafi daga tushe. Amsar ita ce a ci: 2...Rxg6 3.Kxg6 Ke7. Wannan takun na sarki ba shi da madadi, domin soja in yana sahu na biyar, sarkinsa ya samu hawa ɗaya daga gidaje ukun da ke gabansa, d6, e6 ko f6, wasa ya ƙare ko na wane ne taku. Sai 4.Kf5 Kf7, ido da ido, gida ɗaya tsakani, kuma shi ne zai taka. Wanda takun ya faɗo kansa a irin wannan fuskantar shi ne zai ba da hanya. To ba shi da abin yi sai 5.e6+ Ke7 6.Ke5, a nan kuma sai a koma baya a miƙe: 6...Ke8. In ka karkace zuwa d8, zai zo d6 ya fuskance ka, ka koma e8, ya tura e7 shiru babu cak, ka fita f7, ya shiga d7, sarauniya ta fito. In ka koma e8 a miƙe kuwa, 7.Kd6 Kd8, kai ne ka fuskance shi, 8.e7+ Ke8 9.Ke6, sarkinka ba ya cikin cak kuma ba shi da gidan zuwa. Canjaras. Alamar da nake riƙewa a irin wannan tsayuwa: soja ya taka sahu na bakwai da cak, ka tsira, ya taka shiru, ka mutu.

Daga nan ne na fahimci ba a koyon ƙarshen ruk kafin na sarki da soja. Kowace musaya can take kai ka, kuma in ba ka san hukuncin can ba, za ka ƙi musayar da za ta cece ka ko ka karɓi wadda za ta kashe ka.

Ɗaya fuskar kuma ita ce tsayuwar Lucena, wato inda mai soja ke son kaiwa. Sunan wani ɗan Sifaniya ne da ya buga littafin ches a 1497, ko da yake tsayuwar ba ta cikin littafin nasa, a na Salvio ɗan Italiya na 1634 aka fara ganinta. Ka jera haka: farin sarki b8, soja b7, ruk c1, baƙin sarki d8, ruk a2. Sojan saura taku ɗaya, amma sarkinsa ya toshe masa ƙofa, in ya fito kuma cak zai yi ta binsa. Maganin shi ne 1.Rd1+ Ke7, a ƙara nisanta baƙin sarki da layi ɗaya, sannan 2.Rd4. Wannan takun ne ke rikita mai koyo, don kamar bai yi komai ba. Ci gaba ka gani: 2...Ra1 3.Kc7 Rc1+ 4.Kb6 Rb1+ 5.Kc6 Rc1+ 6.Kb5 Rb1+ 7.Rb4. Ruk ya shiga tsakani, cak ya ƙare, soja ya shige. Ana ce masa gina gada. Sahu na huɗu ake so, don a na biyar baƙin sarki zai taka e6 ya taɓa ruk ɗin, aikin ya ƙara tsawo ba dalili. Lura kuma da yadda sarki ke saukowa yana manne da sojansa, b6, c6, sannan b5, ba ya sakin sa sai lokacin da gadar ta shirya. Da sojan gefe, na a ko h, wannan ba ya tafiya haka, don sarki ƙofa ɗaya gare shi ta fita, sai an kori baƙin sarki nesa ƙwarai.

Abokin karawata bai ma buƙaci gada ba. Na ba shi abin da ya fi ta sauƙi, ruk ɗinsa a h8 yana gadin gidan sarauta tun kafin soja ya iso.

Ƙa'idar Tarrasch, likitan nan Bajamushe, cewa wurin ruk bayan sojan da ya kuɓuce ne, wato wanda babu sojan ɗaya ɓangaren da zai tare shi, naka ko na abokin gaba, ita ma wannan dalilin ne a ƙarƙashinta. Soja na gaba, filin ruk ɗin da ke bayansa na ƙaruwa, na wanda ke gabansa na raguwa. Amma wasana ya nuna mini ba a bin ta ido rufe: a tsayuwar Philidor akwai lokacin tsayawa a gefe, akwai lokacin komawa baya, sojan ne ke faɗa maka wanne ne.

Yadda na gyara ba karatu na ƙara ba, maimaici na yi. Duk tsayuwar da 'ya'yanta ba su wuce bakwai ba, har da sarakuna biyu, kwamfuta ta riga ta warware ta ƙarshe, kuma allon nazari na shafin ches na Lichess yana nuna hukuncin kowane taku kyauta. Tawa 'ya'ya biyar ce. Na jera ta, na ga da idona Ra1 canjaras, Rb6 faɗuwa. Daga nan na rufe hukuncin na riƙa karewa da kwamfuta, minti ɗaya a agogo, don a matse ake gane abin da hannu ya iya. Sau goma da baƙi, sannan in juya allo in yi da fari, inda shingen ya koma sahu na uku. Wannan juyin na da muhimmanci, don idon da ya saba da a6 yakan ɓata in aka ce a3. Sai in matsar da sojan zuwa d, zuwa f, zuwa c, in sa ruk ɗin mai hari a ɗaya gefen, in sake. Kwamfuta takan tura soja da wuri, saboda haka na roƙi wani abokin wasa ya riƙa ja mini rai da gangan, ya yi yawo da ruk taku goma ko goma sha biyar kafin ya tura, ba tare da na san yaushe ba. Wannan ne ainihin abin da ya kayar da ni, jiran da ke sa hannu ya saba da kai-komo.

Na kuma daina ƙirga taku 50 a irin wannan wuri. Lissafin yana komawa sifili da zarar soja ya motsa, kuma mai soja zai motsa shi kafin a kai can, don haka ƙirgar ba ta tsinana mini komai ba sai ɗauke ido daga e5. Yanzu in ina sahu na shida, sojan kawai nake kallo. In ya motsa, sai in ɗora hannuwana biyu a cinya, in duba gidan da ke gabansa da gidajen da ke gefensa, in tambayi kaina ta ina sarkin zai fake, sannan in taɓa ruk.