Ƙarar bel ɗin sukuta ta ɗauke, ashe sil ne ke yoyo

'Yan uwa masu koyon gyaran mashin da hannunsu, albishirinku. Ƙarar bel ɗin nan da ta hana ni sakat tun shigowar hunturu ta ɗauke ɗif, kuma wallahi daɗin da nake ji ba ya misaltuwa. Sukutar dai ita ce 'yar Chana mai injin GY6 150, wadda ke cin bel mai lamba 842-20-30, shi ne ke kai ƙarfin inji zuwa tayar baya a madadin sarƙa. Rabin hanyar da nake bi kullum burji ce, jar ƙasa da gargada, in tifa ta wuce ka sai ka rage gudu ka jira ƙura ta lafa.

Da safe in inji da sanyinsa ba ka jin komai. Sai an yi 'yar tafiya ya ɗau zafi, na tsaya, na sake murza totur, sai ka ji ƙiiii daga gefen hagu, inji na ihu amma taya ba ta amsawa yadda ya kamata. In ga hawa, ga buhu a baya, abin ya fi muni, har mutanen bakin hanya suna waiwayowa.

Buɗewar farko da na yi wa murfin bel na tarar da abin da kowa zai tarar, ƙura ja gauraye da baƙin garin roba. Na kai wa mai faci ya hure da iska. Na auna faɗin bel, ya sauko ƙasa da milimita 19 daga 20 ɗinsa na asali, saboda haka ya cancanci ritaya. Sabo ya ci mini N16,000, kuɗin da na ji fitarsu har cikin raina. Rola biyu, wato 'yan mulmulallun nan da ke juyawa tare da shaf ɗin gaba suna sauya gudu, sun cinye ta gefe ɗaya, na sauya duka shidan da masu girman 18x14, na ɗan goge takalman kuloci da samfefa. Ƙara ta tafi. Ban gama murna ba ta dawo, har ta fi ta da.

A nan ne shawarwari suka yi ta zuwa. Wannan ya ce in goga sabulu, wancan ya ce kyandir, wani ma cewa ya yi in ɗiga man birki. Na san daga inda tunanin yake, yawancinmu da Boxer da Jincheng muka saba, inda sarƙa in ta yi kuka mai take nema. Bel ɗin sukuta kuwa da kamun gefensa yake aiki, fule biyu ne, wato fayafayan da yake zagayawa a kansu gaba da baya, suke matse shi. Duk abin da zai sa shi santsi maƙiyinsa ne. Don Allah kar wanda ya gwada.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne ƙurar da na gani a buɗewa ta gaba. Ta farko busasshiya ce, hurawa kawai take so. Wannan kuwa ta manne a jikin kwas, wato gidan da bel ke ciki, kamar kwaɓaɓɓen lalle, in ka murza ta tsakanin yatsu sai ta bar sheƙi. Ke nan mai na shigowa daga wani wuri. Zargina ya fara sauka kan giris ɗin fulen baya, domin in robobin cikinsa suka saki, yakan yi feshi. Na danne kulocin da ƙafafu biyu saboda ƙarfin sifirin ɗin nan, na kwance babban notin, na duba. Lafiya lau, giris na wurinsa. Bayan fulen ma, inda man giya zai iya fitowa, a bushe yake ƙayau. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, na rufe na bar ta a zaure.

Dabarar da ta fisshe ni mai sauƙi ce. Na wanke cikin kwas tas da fetur, na bari ya bushe, na barbaɗa farar hoda a kewayen shaf ɗin gaba da na baya, na mayar da komai, na zaga unguwa har inji ya yi zafi. Da na cire fulen gaba, ga wani siririn layi baƙi ya ratsa hodar, ya taso daga gindin shaf ɗin kiranshaf, wato sandar da ta fito daga inji take juya fulen, ya gangaro ƙasa. Baƙin mai ne na inji. Yoyon bai kai ya ɗiga a ƙasa ba, ko a sandar awon mai da ƙyar za ka lura, amma fule na juyawa yana watsa shi a fuskar da bel ke kamawa, ƙura kuma ta zo ta haɗe da shi.

Ashe sil ne ya lalace, wato zoben robar da ke kewaye da shaf ɗin yana hana man inji fitowa, mai girman 19.8x30x5, amma ku tafi da tsohon a hannu in za ku saya. Da na zaro shi da ƙaramin sukundireba, leɓensa na ciki ya cinye, ya yi tauri, ga jar ƙasa maƙale a ƙarƙashinsa. Na naɗe haƙoran shaf da salatif don kar su yanki sabon, na shafa masa ɗan mai a leɓe, na sa guntun bututu daidai faɗinsa ina bugawa a hankali har ya zauna daidai ta ko'ina. Abin takaicin, kuɗinsa bai kai na litar fetur biyu ba, amma ya sa na sake sayen bel, domin wancan sabon ya riga ya sha mai, gefensa ya yi sulɓi. Na wanke shi da ruwan omo na ajiye ƙarƙashin kujera saboda ɓacin rana.

To me ya kashe sil ɗin? Fulen gaba yana da fukafukai da ke zuƙo iska don sanyaya bel, kuma a bakin ƙofar iskar akwai soson tace ƙura. Tawa na saye ta hannu, babu soson sam, gasket ɗin murfin ma ya yage ta sama. Duk ƙurar burjin nan kai tsaye take shiga. Na yanko soso na saka a bushe, ban jiƙa shi da mai ba kamar yadda ake yi wa na iskar inji, na sauya gasket. Wani ya ce in toshe ƙofar gaba ɗaya in huta. A'a, zafi ya fi ƙura saurin kashe bel.

Wajen mayarwa, ku matse fulen baya da hannu bel ya nutse ciki sosai, ya samu sassauci a gaba, kafin ku ɗaure notin. In ba haka ba fuskar fulen za ta danne bel, ka zaci noti ya ɗauru alhali bai zauna ba, kuma in ya kwance a hanya haƙoran shaf ne za su tafi.

Yanzu tashi sumul, hawan nan da buhu ma babu ko ƙis. Saura in ga yadda za ta yi da ruwan damina, na dai share ramin zubar ruwa da ke ƙasan murfin wanda laka ta toshe. Soson da na saka kuma yana saurin cika, duk ƙarshen mako sai na kakkaɓe shi. In akwai wanda ya samu irin da ke tare ƙurar burji ba tare da ya shaƙe iska ba, ya taimaka ya faɗa mini kaurinsa da inda ake samu.